Motsin da Ke Ɓoye Cikin Tsayuwa: Tadabburi a Kan Fallayen Hoto na Tsofaffin Kwamfutoci

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ido Ya zuba masa haske, Ya ƙagi hankali Ya sanya masa mizani, Ya kuma hore wa ɗan Adam ƙirga da lissafi domin ya san adadin kwanaki da gwargwadon abubuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, abin da muke so mu tsaya a kansa abu ne da mafi yawan manya ke ɗauka wasan yara, wanda bai kai a ɓata masa tawada ba. Sai dai mun taso mun tarar da malamanmu na zaure ba sa raina ƙanƙanin abu matuƙar akwai izina a cikinsa, domin wanda Ya tsara tafiyar taurari Shi ne Ya tsara tafiyar tururuwa. Duk wanda ya yi ƙuruciya a cikin badalar Kano a shekarun 1990, a Yakasai ne ko Mandawari, a Soron Ɗinki ne ko Koki, zai tuna yadda yara kan yi cincirindo a ƙofar wani shago ko wani soro da zarar an kawo wuta, an kafa 'yar talabijin a kan benci, an jona mata wata na'ura mai kaset ruwan ɗorawa, sai ga wani ɗan mutum mai gashin baki da jar hula yana gudu yana tsalle bisa umarnin yatsun yaro. Galibin na'urorin nan kwaikwayo ne na Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, aka riƙa ƙera irinta a Taiwan da ƙasar Sin, ta iso mana ta hannun 'yan kasuwar Sabon Gari. Ɗan mutumin kuwa shi ne Mario, wanda shahararren wasansa ya fito a 1985. A jikin kaset ɗin akan rubuta cewa wasanni dubbai ne a ciki, alhali in ka bi su a hankali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sababbin sunaye. Wannan dai tsohuwar dabarar kasuwa ce, ba ita ta kawo mu ba.

Tambayar da ɗokin wasa bai bar mu mun yi ba ita ce: a ina motsin yake? Babu mutum a cikin akwatin, babu ƙafar da ke takawa, babu ƙasar da ake takawa a kanta. Abin da ke ciki hotuna ne tsayayyu, kowannensu a sandare, sai a nuna ɗaya, a ɗauke shi, a maye gurbinsa da wani mai ɗan bambanci, cikin saurin da ido ba ya iya rarrabewa. Gudun Mario kacokan fallaye 3 ne ake jujjuyawa. Masu sana'ar suna kiran irin wannan ɗan hoto mai yawo a fuskar allo sifirayit, mu kuma za mu riƙa kiran kowace tsayuwa tasa falle.

To, tun da motsin ba ya cikin hoton, ashe yana cikin mai kallo ne, kuma nan ne ayar farko. Alhasan Ibnul Haisam, masanin nan haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa cikin ido daga abin da ake kallo. Ya kuma lura cewa in aka shafa wa katantanwar wasa launuka daban-daban aka murza ta da ƙarfi, sai ido ya ga launi guda a gauraye, domin gani yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya tantance abin da ya gani. Ƙarnuka bayan haka, a 1912, wani masani a Jamus mai suna Max Wertheimer ya nuna cewa in aka haska layi a nan aka kashe, aka haska wani kusa da shi bayan ɗan taƙi, sai mai kallo ya rantse layi ɗaya ne ya matsa. Ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin da ke tsakani, ba tare da ta nemi izininmu ba, ba kuma tare da ta sanar da mu ba. A kan wannan baiwa aka gina majigin da kakanninmu suka kalla a filayen unguwa, da silima mai hotuna 24 a daƙiƙa, da finafinan Hausa na bidiyo da suka faro da Turmin Danya a 1990. Da Allah Ya so, da Ya halicci ido mai ganin kowane falle a rarrabe, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma Ya yi shi mai haɗa abin da ya yanke, domin mu iya bin abin da ya gifta ta bayan gini har ya ɓullo, mu san shi ne dai, mu kauce wa abin hawa, mu cafke abin da aka jefo mana. Masu na'ura sun samu ƙofar a buɗe ne suka shiga.

Mu mutanen Kano mun san sukuwar doki, mun sha ganin mahaya suna ɓarko gudu a Ƙofar Kudu lokacin jafi ranar Hawan Daushe, amma a cikinmu wa zai ce da idonsa ya ga inda kowane kofato yake a kowane lokaci? An daɗe ana gardama a duniya ko doki mai sukuwa yana ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya, har zuwa 1878 da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a bakin wani filin sukuwa a Kalifoniya, kowace ta ɗauki falle ɗaya yayin da dokin ke wucewa. Sai aka ga lallai akwai lokacin da babu kofato ko ɗaya a ƙasa, kuma a wannan lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka saba miƙe su gaba da baya. Wannan jerin hotuna da aka shimfiɗa gefe da gefe a takarda ɗaya shi ne siffar abin da mai rubuta manhajar wasa ke ajiyewa a cikin fayil.

Kafin mu buɗe fayil ɗin, ya kamata mu san da me aka yi hoton. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, a jere layi-layi, kowane ɗigo da launinsa guda. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hular zanna ya riga ya sha rabin karatun: ana bin ƙyallen gida-gida, kowane gida da zarensa, in ka matsa kusa ba ka ganin komai sai ƙananan huji a jere, in ka ja da baya sai zanen ya fito fes. Bambancin kawai shi ne ita kwamfuta a kowane gida lamba take ajiyewa, lambar kuma tana nuni ne zuwa ga wani jadawali na launuka, inda aka rubuta cewa lamba kaza gwargwado kaza ce ta ja, kaza ta kore, kaza ta shuɗi. Murabba'i mai gidaje cike da lambobi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfullani Alkashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin cika murabba'i da lambobi ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambaton sunansa.

Abin da ya sa sana'ar mutanen farko ta cancanci nazari shi ne ƙuncin da suka yi aiki a cikinsa. Ma'ajiyar aiki ta Famicom bayit 2,048 ce kacal, wato gidajen ajiye lamba 2,048. Wasan Mario gaba ɗayansa, da kiɗansa da duniyoyinsa da dokokinsa, kilobayit 40 ne, 8 daga ciki na hotuna. An yanka hotunan ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, kowanne ya ci bayit 16, wato guda 512 ke nan, babu ƙari ko ɗaya. Kowane ɗan hoto launi 3 kawai aka yarje masa, na huɗun kuma babu komai ne, wato gurbin da ake hango baya ta cikinsa. A cikin wannan matsi sai tadbiri ya bunƙasa. Gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa a wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Wani ɗan dodo a wasan mai kama da naman kaza falle ɗaya gare shi, ana juya shi dama da hagu sai ka ga yana takawa. Shi kansa gashin bakin Mario, mai ƙagarsa Shigeru Miyamoto ya bayyana cewa ƙarancin ɗigo ne ya jawo shi, domin ya fi zana baki sauƙi, hular kuma ta hutar da shi zana gashi. Akwai ƙana'a a cikin wannan aiki, irin wadda ke sa mutum ya auna abin hannunsa kafin ya yanka, kuma a ganinmu ta fi yalwar da ake barbaɗarwa a manhajojin yau kyau da tsari.

A na'urar kaset, hotunan a ƙone suke cikin wani guntun lantarki, sashen da ke zana allo yana karanto su kai tsaye. Amma a kwamfutar tebur, irin wadda ta fara shigowa ofisoshi da shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta a garin nan, hoton yana kwance ne a cikin fayil a kan faifai, sai mai manhaja ya koya wa na'ura yadda za ta ɗauko shi. A 1987 kamfanin IBM ya fito da tsarin allo na VGA, wanda a cikinsa akwai wani yanayi da masu wasanni suka ƙaunata: ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, launi 256, kowane ɗigo bayit ɗaya, jimilla bayit 64,000. Ka rubuta lamba a gida kaza na ma'ajiya, nan take ɗigo ya haska a wuri kaza na allo, babu wani hijabi a tsakani. A 1991 kuma tsarin MS-DOS na biyar ya zo da harshen QBasic a cikinsa kyauta, ta nan ne yara da yawa a duniya suka fara. Masu zane suna amfani da manhajoji irin su Deluxe Paint, wadda ta fito a 1985, su zana dukkan fallayen a shimfiɗa ɗaya, kowane falle a cikin akwatinsa mai girma daidai da na ɗan'uwansa, su adana a matsayin fayil na PCX ko BMP.

Fayil ba ya magana, bayit ne kawai a jere, don haka aka yi masa goshi, wato 'yan bayit na farko da ke bayyana abin da ke biye. Fayil ɗin BMP yana farawa da haruffa biyu, B da M, waɗanda mai hankali zai fara dubawa kafin komai, in bai gan su ba ya rufe ya sanar cewa wannan ba shi ne abin da aka nema ba. A gida na 18 an rubuta faɗin hoton, a gida na 22 tsayinsa. Goshin duka bayit 54 ne, sai jadawalin launuka mai bayit 1,024 ya biyo, sannan ɗigon hoton su fara daga gida na 1,078. Har zuwa nan komai a miƙe yake. Amma akwai tarkuna uku da kusan babu mai koyon da bai faɗa ba. Na farko, BMP yana ajiye layukansa ne daga ƙasa zuwa sama, wanda bai sani ba sai ya ga mutuminsa a kife, kai a ƙasa ƙafa a sama. Na biyu, a jadawalin launukansa shuɗi ne ke gaba, sai kore, sai ja, wanda ya karanta a juye sai jar hula ta koma shuɗiya. Kuma da yake VGA daga 0 zuwa 63 take ƙirga ƙarfin launi, fayil kuma daga 0 zuwa 255, dole a raba kowace lamba gida huɗu, in ba haka ba launukan su hautsine. Na ukun shi ya fi ɓata rai: kowane layi sai an cike shi da bayit na banza har tsawonsa ya rabu da 4 ba saura. In faɗin hoton ɗigo 30 ne, layin bayit 32 ne a fayil. Wanda ya manta da biyun nan, layinsa na farko zai fito daidai, na biyu ya goce da ɗigo 2, na uku da 4, na huɗu da 6, har hoton ya karkace ya zama zane-zanen da ba a gane kansa. Kuskuren bayit biyu ne tak, amma da yake ana gina kowane layi a kan na bayansa, sai ɓarnar ta yi ta ninkuwa. Duk wanda ya ga wannan da idonsa zai ƙara fahimtar dalilin da ya sa malamai ke tsanantawa wajen gyara tushe tun ɗalibi yana ƙarami.

Shi kuwa PCX, wanda kamfanin ZSoft ya fitar a 1985, goshinsa bayit 128 ne, jadawalin launukansa kuma a can ƙarshen fayil aka maƙala shi, bayit 768, da lamba 12 a gabansa a matsayin alama. Falalarsa ita ce taƙaitawa. In ɗigo 40 masu launi ɗaya suka biyo juna, ba ya rubuta launin sau 40. Sai ya rubuta bayit ɗaya mai cewa a maimaita, ta hanyar ƙara adadin a kan 192, wato 232, sannan bayit na biyu ya faɗi launin. Bayit biyu sun tsaya a madadin arba'in. Mai karantawa sai ya riƙa duba kowane bayit: in ya kai 192 ko ya haura, umarni ne na maimaici, in bai kai ba, launi ne shi kaɗai. A zamanin da faifan filofi megabayit 1.44 kawai yake ɗauka, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

In an gama kwance fayil an shimfiɗa shi a ma'ajiya, sai yanka. A ce faɗin shimfiɗar ɗigo 320 ne, kowane falle kuma 16 a tsaye 16 a kwance, to kowane jeri yana ɗauke da fallaye 20. Muna neman falle na 27, tare da tuna cewa kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Mu raba 27 da 20, mu samu 1, saura 7. Ɗayan nan shi ne jeri, bakwai ɗin kuma shi ne gurbi a cikin jerin. Ke nan kusurwar fallen ta sama ta hagu tana ɗigo 112 daga gefe, 16 daga sama, wato gida na 5,232 a ma'ajiya. Daga nan a kwafi bayit 16, a tsallaka 320 zuwa layin ƙasa, a sake kwafar 16, har sau 16. Rabawa da saura, lissafin da yaro ke koya a firamare, shi ne mabuɗin duka. A QBasic ma an sauƙaƙa: a zana shimfiɗar a allo, umarnin GET ya ɗebo akwatin ya zuba a ma'ajiya, umarnin PUT ya mayar da shi duk inda ake so. Kuma ƙa'ida ce a gama dukkan wannan ɗauko da yanka tun kafin wasa ya fara, domin faifai mai nawa ne, wanda ya bari sai ana tsakiyar gudu sannan ya je neman falle na gaba, mutuminsa zai yi ta sarƙewa.

Saura matsalar akwati. Falle murabba'i ne, mutum kuwa ba murabba'i ba ne, in aka liƙa fallen yadda yake sai mutum ya riƙa yawo da baƙin akwati kewaye da shi yana shafe itatuwa da gidaje. Sai aka ware launi ɗaya, sau da yawa lamba sifili ko wani ruwan hoda mai kaifi da ba a cika buƙatarsa ba, aka ce duk inda aka gamu da shi a tsallake kada a zana. Masu QBasic kuma sukan yi fallaye biyu: inuwar mutumin, wadda ke fara huda gurbinsa a jikin bango, sannan shi kansa ya zauna a gurbin. Abin lura a nan shi ne a cikin bayit 256 na falle, wani kaso mai yawa aikinsa kawai shi ne kada ya bayyana, kuma da rashin bayyanarsa ne surar ke fita.

Sannan sai lokaci, wanda shi ne ruhin aikin. Tsohuwar talabijin da tsohon allon kwamfuta suna zana hoto ne da wani tsinken haske mai gudu layi-layi daga sama zuwa ƙasa, in ya kai ƙasa ya koma sama ya sake. A ɗan taƙin komawar nan ne mai manhaja ke goge tsohon falle, ya mayar da bangon da ya rufe, ya ɗora sabo. In ya yi gaggawa ya zana alhali tsinken yana tsakiyar allo, sai a ga rabin mutum a nan rabi a can. Wanda kuma bai ɗaure fallayensa da agogo ba, ya bar su suna sauyawa gwargwadon ƙarfin na'ura, ranar da aka kawo kwamfuta mafi sauri wasansa zai zama abin dariya. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye ba mu sani ba: talabijin ɗin Japan da Amurka sau 60 take sabunta fuska a daƙiƙa, tamu ta Najeriya mai tsarin PAL sau 50, saboda haka wasannin da ba a gyara su domin irin tamu ba suna tafiya da nawa da kimanin kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansu. Haka nan ƙyaftawar da mukan gani in dodanni suka yi yawa, mu zare kaset mu hura masa iska muna zaton ƙura ce, ba lalacewa ba ce. Famicom tana iya riƙe 'yan hotuna 64, amma 8 kawai take iya nunawa a layi ɗaya, sai masu manhaja suka sa su yin karɓa-karɓa, wannan ya bayyana yanzu wancan ya bayyana anjima, domin kada wani ya ɓace ɗungurungum.

A nan ne zuciya ke komawa ga karatun tauhidi. Waɗanda suka zauna gaban malamai a zaurukan birnin nan suka karanci Ummul Barahin ta Imamu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, sun san cewa motsi da tsayuwa suna cikin hujjojin da ake kafawa a kan cewa duniya fararriya ce: jiki ba ya rabuwa da ɗayansu, kowannensu kuma yana zuwa yana gushewa, abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne, yana buƙatar wanda Ya farar da shi. Da yawa daga malaman Ash'ariyya ma sun tafi a kan cewa sifofi irin su launi da motsi ba sa wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke sabunta su a kowane ƙiftawa. Muna neman tsarin Allah daga kamanta aikinsa da na bayinsa, kuma duniya gaskiya ce, ba hoton allo ba ce. Amma wanda ya ga cewa ɗan mutumin nan ba ya iya wanzar da kansa ko na ƙiftawa ɗaya, da zarar an daina sake zana shi ya sandare, da zarar an ɗauke wuta ya ɓace, zai samu wata 'yar taga ta fahimtar ma'anar buƙatuwa, ya kuma ji nauyin kasancewar numfashinsa da bugun zuciyarsa ba a hannunsa suke ba.

Ajizancin mai zane ya fi fitowa fili a wajen tafiya. Sa'ad da Jordan Mechner ke shirya wasan Prince of Persia, wanda ya fito a 1989, sai da ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan falle-falle yana kwafa, kuma abin da ya sa duniya ta yi mamakin wasan ke nan. Iyakar gwanintarsa ita ce ya kwaikwayi abin da aka riga aka halitta. A ƙafa ɗaya ta ɗan Adam akwai ƙasusuwa 26, a jikinsa tsokoki fiye da 600, a idonsa ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 100, dukkansu suna aiki tare sa'ad da dattijo ya fito daga gida da duhun asuba zuwa masallaci, yana kauce wa kwata, yana amsa sallama, bai lissafa ko taku ɗaya ba. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya daidaita wannan.

Ba mu jahilci cewa malamai suna da magana a kan surantar da abu mai rai ba, kuma sun yi saɓani a kan hukuncin hoton da ba shi da jiki. Wannan fage nasu ne, a koma gare su. Haka nan wasan da ya shagaltar da yaro daga salla da makarantar allo ba mai kare shi. Amma ilimin da ke ƙarƙashin wasan daban ne da wasan, domin da wannan lissafi ne ake zana haruffa a allon waya, har da na ajami da na Alƙur'ani, da shi ake nuna bugun zuciyar majiyyaci a asibiti, kuma ana iya koyonsa da zanen dagi mai juyawa ko jinjirin wata mai girma dare bayan dare, ba sai da surar mutum ba.

Wayar da ake sayarwa yau a kasuwar Farm Centre mai ma'ajiyar aiki gigabayit 4 ta ninka Famicom sau fiye da miliyan biyu, amma mafi yawan masu riƙe da ita ba su san yadda ɗigo ɗaya ke haskawa ba, domin manhajojin zamani sun lulluɓe komai. Tsohuwar hanya kuwa tana nan, kuma ba ta buƙatar kuɗi: manhajar DOSBox tana raya tsohon tsarin a kan kowace kwamfuta, QB64 kuma tana karɓar harshen QBasic, dukkansu kyauta ne. Muna kira ga malaman kwamfuta a makarantun sakandare da Islamiyyun cikin birni, da ɗaliban Jami'ar Bayero masu karatun wannan fanni, su ware wa ƙannensu ko mako biyu ne su koya musu buɗe fayil ɗin BMP da hannunsu, bayit bayan bayit, kafin su miƙa musu manyan manhajojin da ke yi wa mutum komai. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in kana da yaro mai son wasan gem, samo masa takarda mai gidaje, ka sa ya zana fallaye huɗu na abin da yake so a murabba'i mai gida 16 a tsaye 16 a kwance, ya rubuta lambar kowane gida, sannan ku nemi wanda zai nuna muku yadda ake shigar da su kwamfuta. Allah Ya sanya albarka a cikin iliminmu da na zuriyarmu, amin.